Aikin leza na kumburin furostat: abin da na gani a asibitin da aka yi mini

Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, kuma na shafe kusan shekara uku ina tashi sau biyar ko shida cikin dare, in tsuguna da buta a hannu, fitsarin yana ɗiga kaɗan-kaɗan, in koma shimfiɗa ina jin kamar ban yi komai ba. Likita ya duba ni da hoton eko, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar sauti, da gwajin jini na PSA, ya ce furostat ɗina ne ya kumbura, wato ƙullutun naman da ke ƙarƙashin mafitsara wanda hanyar fitsari ke ratsawa ta tsakiyarsa. Ya ɗora ni a kan maganin tamsulosin, na sami sauƙi na wani lokaci, har daren da fitsari ya tsaya cak aka sa mini roba. Daga nan ne ɗana ya kai ni wani asibiti mai zaman kansa a Alƙahira.

Aikin da aka yi mini shi ne HoLEP, wanda likitoci a ƙasar Niyu Zilan suka fara a ƙarshen shekarun 1990. Ba a tsaga ciki. Bayan allurar kashe zafi a gadon baya, ana zura siririyar na'ura ta hanyar fitsari, hasken leza ya raba naman da ya yi yawa daga ɓawonsa kamar yadda ake ɓare lemu, a tura shi cikin mafitsara, a daddatsa, a zuƙo shi waje. An kai naman ɗakin gwaji, sakamako ya nuna babu sankara, abin da ya fi komai kwantar mini da hankali. Jinin da na zubar kaɗan ne, kuma washegari aka cire robar. Da na shiga bayi a karon farko na ji ƙarar fitsari yana bugun tasa da ƙarfi, sai da hawaye suka zubo mini. A fannin aiki da tsabta da kulawar ma'aikatan jinya ba ni da abin cewa sai yabo.

Inda suka gaza shi ne bayani. Tafintan ya karanta mini takardar amincewa a gurguje, kuma babu wanda ya zauna ya gaya mini cewa bayan wannan aiki yawancin maza maniyyi yakan koma cikin mafitsara maimakon ya fito. Ƙarfin namiji yana nan, amma ga mai fatan ƙara haihuwa wannan magana ce da ya kamata ya ji kafin ya sa hannu. Haka kuma na yi makonni fitsari yana kuɓuce mini idan na yi tari ko na miƙe daga sujada, har na riƙa jin nauyin shiga sahu a masallaci, sai da limaminmu ya yi mini bayanin sassaucin da shari'a ta yi wa mai yoyon fitsari. Lambar wayar da asibitin Alƙahira ya ba ni domin tambaya na kira ba a ɗauka ba. Likitana na Garwa ne ya koya mini motsa jiki na matse tsokar da ke riƙe fitsari, ya kuma hana ni ɗaukar buhu da hawa babur na ɗan lokaci, kuma a wata na uku yoyon ya tsaya.