Yawon tarihi a ƙasan Manhattan: kuɗina bai tafi a banza ba, amma an tsallake abu babba

Shekara shida ina zaune a Bronx, cikin birnin New York na Amurka, kullum ina shiga Manhattan neman na tuwo, amma sai da ƙanina ya zo ziyara daga Yamai na biya mana kuɗin irin yawon nan da jagora ke zagayawa da mutane a ƙafa yana ba su labarin gari. Awa biyu aka ce mana, sai da muka kusa uku.

Daga bakin ruwa muka tashi, can ƙarshen tsibirin Manhattan, inda Turawan Holan suka kafa zangonsu na New Amsterdam don sayen fatu. A 1626 shugabansu Peter Minuit ya karɓi tsibirin daga hannun 'yan ƙasa, Lenape, da kayan da aka yi wa kuɗi gilda 60 na Holan. Jagorar tamu, wata dattijuwa mai tsohuwar taswira a cikin leda, ta tsayar da mu a titin Pearl ta ce kowa ya dubi ƙafarsa, nan ne gaɓar kogi a da. Duk titunan da ke tsakaninmu da ruwa ciko ne. Ƙanina ya daɗe yana kallon benayen bai ce uffan ba.

Wall Street ya fi komai burge ni. Ashe a da ganuwa ce a wurin, ta katako, aka gina a 1653 zamanin gwamna Peter Stuyvesant, kuma nan gari ya ƙare ta arewa. Turawan Ingila suka ƙwace garin a 1664 suka raɗa masa New York, a 1699 aka rushe ganuwar. Matar ta iya bayani, musamman kan magudanar Erie da aka buɗe a 1825, wadda ta haɗa kogin Hudson da manyan tafkuna, hatsin cikin ƙasa ya riƙa sauka a tashar jiragen ruwan garin. Daga nan kasuwa ta buɗe, har aka haɗe gundumomi biyar suka zama birni ɗaya a 1898.

Inda raina ya sosu shi ne maganar bayi. Kakanninmu na Afirka suna cikin waɗanda suka gina ganuwar nan, kuma a ƙarshen titin aka buɗe kasuwar bayi a 1711, amma a numfashi ɗaya ta faɗa muka wuce. Da na tambaye ta maƙabartarsu, ta ce ba ta cikin tsarin yawon.

Mu muka kai kanmu, kusa da mahaɗar Broadway da Duane. A 1991 ana haƙa harsashin ginin gwamnati aka ci karo da ita, aka tono gawa 419, aka sake binne su a 2003. Shiga kyauta ne. Muka tsaya gaban tudun kaburburan, ƙanina ya cire hularsa, muka yi musu addu'a.

Wanda zai je ya sa takalmi mai daɗin tafiya, ya kuma ware awa guda ta kansa don maƙabartar.