Murfin sarƙa na masu walda a Wad Madani: yana kare hannu, amma a duba raga

Masu injin ɓarar gyaɗa a Jazira da Mai Wurno, a ƙasar Sudan, sun san inda ake rasa yatsu: daidai wurin da sarƙa ke hawa haƙoran faranti, wato ƙarfen nan mai haƙora da sarƙar ke juyawa a kansa. Bakin hannun jallabiya ko jelar rawani na taɓa wurin, injin ya ja mutum kafin ya ankara. Shi ya sa murfin da masu walda na unguwar masana'antu ta Wad Madani ke ƙerawa ya cancanci kuɗinsa.

Firam ɗinsu na ƙarfe mai kusurwa yana da ƙwari, kuma da noti huɗu suke ɗaure shi, sai da sifana zai buɗu. Wannan daidai ne.

Aibin yana wajen ragar ƙarfen da suke rufe firam ɗin da ita. Sau da yawa sukan sa mai faɗin ido, su manna ta dab da sarƙa, yatsa ya shige salin alin. In idon ragar milimita 12 ne, tilas a bar tazarar santimita 8 tsakaninta da haƙora. Bayan murfin ma, ta ɓangaren injin, wasu kan bar shi a buɗe; ka matsa a rufe. Ka nemi a huda ƙaramar kafa ta ɗiga mai, don kada yaran aiki su riƙa cire murfi suna shafa mai da tsumma injin na gudu, tsumman ya ja hannu.

Murfi ba ya gyara tsohuwar sarƙa. Wadda ta miƙe da kashi 3 cikin ɗari takan yi tsalle daga haƙora, a canza ta tare da farantin, bayan an kashe injin an zare makulli.