Gada, haƙorin roba ko dashe: me ya dace da giɓin bakinka?

Giɓin da aka bari a baki ba ya zama yadda yake. Haƙoran gefe sukan karkato cikinsa a hankali, na sama ko na ƙasa da ke fuskantarsa ya riƙa zarowa, ƙashin muƙamuƙin wurin kuma ya janye, musamman a watanni 3 zuwa 6 na farko bayan cirewa. Hanyoyin cike shi uku ne, kuma abin da ya kamata ya raba maka gardama shi ne lafiyar haƙoran da suka rage, kafin a zo maganar kuɗi.

Gada, wadda likitoci ke kira birij, haƙori ne da aka ƙera a tsakiya haɗe da huluna da ake kifawa a kan haƙoran gefe. A manne take, ba ka cire ta. Likita zai sassaƙe haƙoran da ke gefe biyu na giɓin, ya ɗauki awo, ya sa maka ta wucin gadi, bayan mako 1 zuwa 3 a manna ta ainihi. Ana yin ta da tangaran a kan ƙarfe ko da zirkoniya, wani farin tangaran mai ƙarfi. Wajen tauna da magana ta fi haƙorin roba kama da naka na asali, kuma sabawa da ita ba ta wuce 'yan kwanaki zuwa mako 2. A wannan lokacin, haƙoran da aka sassaƙe kan yi tsami in sun ji ruwan sanyi. Idan ka haɗa baki ka ji ita ke fara taɓawa kafin sauran, ta yi tsayi ke nan. Koma a rage ta, aikin 'yan mintoci ne. In aka bar ta za ta sa ciwon muƙamuƙi ko tangaran ɗin ya ɓare.

Illarta babba ce, a faɗe ta tun yanzu: abin da aka sassaƙe ba ya dawowa. Idan haƙoran gefe da ma sun sha ciko ko sun karye, gada riba biyu ce, don hulunanta za su rufe su. Idan kuwa lafiyarsu ƙalau, a ganinmu ɓarna ce a taɓa su saboda giɓi ɗaya ba tare da an duba wata hanya ba. Ga haƙorin gaba akwai gada mai fiffike da ake liƙawa a bayan maƙwabcinsa, sassaƙarta kaɗan ce, sai dai takan ɓalle a sake mannawa. Gada kan yi shekara 10 ko fiye, kuma abin da ya fi kashe ta shi ne ruɓewar haƙoran da ke ɗauke da ita, daidai bakin hula inda ta haɗu da dasashi. Buroshi da asuwaki ba sa shiga ƙarƙashin haƙorin tsakiya. Sai an zura zaren sakace ta ƙasa, ko ƙaramin buroshin tsakanin haƙora, kowace rana. Wanda ya san ba zai iya wannan ba, gada ba tasa ba ce.

Haƙorin roba mai cirewa shi ne ya dace idan giɓin ya yi yawa, ko babu turmi a baya da zai ɗauki gada, ko dasashi ya raunana har wasu haƙoran na girgiɗa. Iri uku ne. Na roba zalla ya fi araha, kuma in wani haƙorin ya sake fita ana iya ƙara shi a jiki. Amma yana da kauri, yana rufe ganɗa sosai, nauyin tauna kuma a kan dasashi yake sauka. Mai firam ɗin ƙarfe, haɗin kobalt da kiromiyam, siriri ne, yana da 'yan ƙafafu da ke hawa kan haƙora su raba nauyin, shi ya sa ya fi daɗewa ya kuma fi sauƙi ga dasashi. Sai na nailan mai lanƙwasuwa: babu ƙarfen da za a gani in ka yi dariya, amma gyaransa da ƙara masa haƙori na da wuya. Wanda haƙoransa suka tsaya daram kuma yana da hali, mai firam ɗin ƙarfe ya fi masa.

Wajen sabawa da haƙorin roba ne mutane da yawa ke karaya, su jefa shi cikin durowa. Kwanakin farko yawu zai ƙaru, domin baki ya ɗauka abinci ne. Wannan yana lafawa da kansa. Harshe zai riƙa tuntuɓe a kan “s”, “sh” da “ts”, maganinsa karatu da murya kamar minti 10 kullum. A fara da kunu, fate, ƙwai, tuwo mai laushi, a yanka nama ƙanana, a tauna da ɓangare biyu lokaci guda don kada ya tashi ta gefe ɗaya. Kilishi, rake, aya da gugguru su jira. Goro da shayi kuma suna rina roba. Yawanci mako 3 zuwa 4 ake ɗauka kafin baki ya karɓe shi.

Zai goge dasashi a wani wuri, kusan kowa sai ya gamu da haka. Kada ka kankare shi da reza, kada ka lanƙwasa maƙalan ƙarfen da ke riƙe shi a jikin haƙora da filaya, kada ka cije shi don ya zauna. Da yatsu ake sa shi. In zafin ya yi yawa ka cire, ka kurkure da ruwan ɗumi mai gishiri, amma ka mayar da shi sa'o'i da dama kafin ka je wurin likita, don ya ga jan tabon ya san inda zai rage. Raunin da ya wuce mako 2 bai warke ba, dole a duba shi.

Da dare a cire, a wanke da buroshi mai laushi da sabulu marar ƙarfi a kan kwano mai ruwa, saboda in ya suɓuce kan siminti tsagewa zai yi. A jiƙa shi a ruwan sanyi. Ruwan zafi yana karkatar da roba, man goge baki yana karce ta, bilic yana cin ƙarfe. Kwana da shi a baki na jawo kumburin ganɗa mai ja da warin baki.

Dashe kuwa, ƙusar titaniyam ake kafawa a ƙashi, a jira wata 3 zuwa 6 ta kama, sannan a ɗora haƙori. Ba ya taɓa maƙwabta, amma ya fi duka tsada, yana buƙatar isasshen ƙashi, kuma shan taba da ciwon sugan da ba a shawo kansa ba suna sa ya ƙi kamawa.

Kafin ka biya, ka nemi a ɗauki hoton haƙoran gefe, a yi maganin ruɓa da ciwon dasashi tukuna. Tambayi sunan kayan da za a yi amfani da shi, da ko kuɗin ya haɗa da komawa gyara, domin mai cirewa kan buƙaci komawa sau 2 ko 3. Idan yanzu aka cire haƙorin, tambayi kuɗin cike ƙasan robar bayan wasu watanni, don zai yi sako-sako in ƙashi ya janye. Ka guji masu liƙa haƙori a kasuwa da danyar roba a jikin na gefe: ba ya ciruwa a wanke, datti ya taru a ƙasa, sai a rasa haƙora biyu a kan ɗaya. A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitocin haƙori rajista, kuma asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano suna da sashen haƙori da ke wannan aikin.