Irin furen ƙarfe goma: sai da na yi asarar rabin fakiti

Abin da ya sa na sayi irin nan shi ne gindin katangar tsakar gidanmu, inda indararo ke zuba. Duk damina sai ruwa ya zaizaye wurin, da rani kuma ƙura. Sai na ga tallar irin portulaka a Instagram, wanda masu lambun fulawa ke kira furen ƙarfe goma, hoton ya nuna shi ya yi yaɗo ya rufe ƙasa ruf kamar darduma, ja da fari da ruwan ɗorawa. Ban yi shawara da kowa ba na tura kuɗi. Kuɗin kawowa ma ya fi na irin.

Da na buɗe fakitin sai da na yi dariya. Ƙwayoyin ba su kai na alayyafo ba, kamar baƙin yashi, numfashi mai ƙarfi ma zai watsar da su. Kuma ko layi ɗaya na bayanin yadda ake shukawa babu a jiki. Ni kuwa na ja layi da tsinke, na zuba rabi, na rufe da ƙasa yadda na saba yi wa alayyafo, ina ba shi ruwa da bokiti safe da yamma. Sati uku shiru. Na tura wa mai sayarwar saƙo har sau huɗu, tana gani ba ta amsawa.

Wani dattijo mai sayar da fulawa a bakin titi ne ya warware min. Ya ce, "Hajiya, ai kin binne shi da rai. Wannan iri sai ya ga haske yake tsira." Ya ce in gauraya shi da yashi, in barbaɗa a saman ƙasa, in danna da tafin hannu kawai, ruwa kuma yayyafi, kada in kwarara. Haka na yi da ragowar. Tururuwa ta ɗibi rabonta, na gan ta da idona tana jan ƙwayoyin, amma cikin kwana 10 wurin ya yi jan tsiro sirara kamar gashi.

Gaskiya shukar kanta ba ta da laifi. Bayan wata biyu ta kwanta ta bi ƙasa, tsayinta bai wuce taƙi ba. Asalinta daga wajejen Ajantina da kudancin Burazil ne, kuma ganyenta mai kauri yana riƙe ruwa, shi ya sa zafin Afrilu bai dame ta ba, ko da na yi tafiyar kwana biyar ba wanda ya ba ta ruwa. Hantsi na yi furen zai buɗe, kafin la'asar ya rufe, ranar da aka yi hadari kuwa ba ya ma buɗewa sosai. Yarana har jiransa suke ranar Asabar. A lokacin na ce to, kuɗina bai tafi a banza ba.

Sai da surukata ta zo ta duƙa tana cire wasu, tana cewa, "Ke, harshen saniya kike ba wa ruwa?" Na duba da kyau. Kusan kashi ɗaya cikin uku mai faɗin ganye ne, da ɗan mitsitsin fure rawaya, ciyawar da ke fitowa kyauta a kowace bola. Ko daga fakitin take ko daga ƙasata, oho, amma daidai inda na barbaɗa ta fito. Sauran kuma launi ɗaya ne tak, ja mai shuɗi-shuɗi, falle ɗaya. Ina farin? Ina ruwan ɗorawar da na gani a hoto?

Abin da ya fi ƙona min rai, daga baya dattijon nan ya tsinko min rassa biyar na mai fari, ko sisi bai karɓa ba, na soka su a ƙasa, cikin sati guda suka kama. Ita kuwa mai irin har yau tana sa hoton nan, saƙona na biyar ma ta gani.