Sharhi: garejin da ya auna injina kafin ya kwance shi

Injin dizal ba ya da fulogi mai tartsatsi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da man zai kama da kansa, shi ya sa in matsin nan ya zube, mota ta zama gawa ko da tanki cike yake. Abin da ya sami Hiace ɗina mai injin 5L ke nan a hanyar Zariya zuwa Kano: tana tafiya lafiya, sai ta fara kakkarwa, ƙarfi ya yanke, farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai ya turnuƙe baya. In aka yi mata ki, sai ka ji injin yana juyawa da ɗingishi, wani wuri da nauyi, wani wuri sakwaf.

Makanikai biyu sun saurara da kunne suka yanke hukunci: ring, wato zoben da ke toshe tsakanin fistin da bangon silinda, ya mutu, a sauke inji. Ɗaya ma cewa ya yi in wuce Ƙofar Ruwa in nemi inji ɗan Beljiyam. Da na ambaci gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, suka ce ai ruwa bai haɗu da baƙin mai ba. Hankalina bai kwanta ba, domin ring a hankali yake cinyewa, musamman da ƙurar da muke sha a nan. Mota takan fara shan baƙin mai, ta riƙa wuyar tashi da safe, wata da watanni. Tawa kuwa lokaci ɗaya ta faɗi.

Garejin da nake sharhi a kai wani direba ne ya kwatanta min shi. Ogan wurin bai ɗora hannu kan sifana ba sai da ya tambaye ni: "Alhaji, ka shiga ruwa da ita? Ta taɓa yin zafi? Yaushe aka sauya tayimin bel?" Kowace tambaya da dalilinta. Ruwa in ya shiga silinda yana lanƙwasa kwanrod, wato sandar da ke riƙe fistin, zafi yana ƙona gasket ko ya tsaga top, wato kan inji, bel kuma, mai daidaita motsin fistin da bawul, in ya tsallake haƙori fistin na iya dukan bawul. Ya buɗe murfin bel, ya ga makin suna kan layi, ya cire wannan daga lissafi.

Sannan ya kwance hita huɗun, masu ɗumama silinda kafin a ta da inji, ya zare wayar da ke buɗe mai a famfo, ya ɗaura agogon awon matsi a ramin kowace hita. Agogon na dizal ne, domin na fetur ba ya ɗaukar irin wannan matsi. Lafiyayyen 5L yakan ba da bar 30 a ma'aunin matsi ko sama kaɗan, in ya yi ƙasa da 20 akwai matsala. Silinda ta 1 da ta 4 sun tsaya kusa da 29. Ta 2 da ta 3 ko 10 ba su kai ba, kuma kusan daidai suke da juna.

Nan ne ya burge ni. Na ce ko za a ɗiga baƙin mai a silindar a sake awo, kamar yadda ake yi wa injin fetur don a gane ring? Ya girgiza kai, ya ce a dizal sararin da ke saman fistin ƙanƙane ne, man na iya kamawa da wuta ko ya tokare fistin. Sai ya juya injin da hannu har bawul ɗin silinda ta 2 suka rufe, ya hura mata iska da kwamfaresa, ya ce in saurara. Bakin salansa shiru, hanyar shigar iska shiru, lagireto ba kumfa, bakin zuba baƙin mai ɗan huci ne kawai. Ya kamo hannuna ya ɗora kan ramin hita ta 3, sai ga iska tana busowa. Gasket ya ƙone ne a ɗan siririn tsakanin silinda biyu, bai taɓa hanyar ruwa ba, shi ya sa baƙin man ya fito tas.

Top kaɗai aka ɗaga. An kai shi wurin masu injin gyara suka duba ko ya karkace ko ya tsage, aka zaɓi gasket mai kaurin da ya dace da tsayin fistin, aka ɗaure kusoshi bi da bi da sifanar awo. Lagireto ma an wanke shi, don rabinsa a toshe yake. Kuɗin awon bai kai na cika tanki ba.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Ba sa rubuta maka sakamakon awo, ni na kwafa a wayata. Yaran sun bar injin a buɗe cikin ƙura har sai da na yi magana aka rufe shi da leda, kuma wannan ba ƙaramin sakaci ba ne a wurin da ya san aiki haka. Jira ma akwai shi, don agogon ɗaya ne kuma Oga ba ya barin yaro ya taɓa.

Duk da haka zan sake kai musu mota, kuma ina tura abokan sana'a. Wanda zai je ya tafi da batir mai cikakken caji, domin in kik yana juyawa a hankali, agogon zai nuna matsi ƙasa da gaskiyarsa a dukkan silinda.