Korg Volca Bass: feda ko lasifika?

Wanda ya sayi Korg Volca Bass, ƙaramar sintesaizar analog (na'urar ƙirƙirar sautin kiɗa da lantarki) ta 2013, yakan rasa inda zai zuba ragowar kuɗinsa: fedar amsa-kuwwa (akwatin da ake jona wa kayan kiɗa don ya ƙara wa sauti amsa-kuwwa) ko lasifika mai kyau?

Feda tana faɗaɗa sauti, amma bes, wato sauti mai kauri, kam dagula shi take yi, ta kuma ƙara "shuu" ɗin na'urar.

Ni lasifika zan fara saya. Wadda ke jikin Volca 'yar mitsitsiya ce, ba ta iya fitar da kaurin osiletocinta uku, wato sassan da ke samar da sautin. Ja waya daga ramin belun kunne mai milimita 3.5 zuwa miksa (na'urar haɗa sauti) da lasifika babba. In gurnani ya dame ka, cire adaftar wuta ka sa batir AA shida. Nan take bes zai doki ƙirjinka.