Deco P9 a gida mai inbata: abin da na gani a Tumfure

Masu ta tambayata kan WiFi ɗin nan da ke bin wayar wuta, wato Deco P9 na TP-Link, to ga abin da na gani tunda muka sa shi a gidanmu nan Tumfure a Gombe. Yana aiki, kuma ni dai ban yi da-na-sanin kuɗina ba, amma fa ba kowane gida ne zai karɓe shi ba, don rabin aikin wayarin ɗin gidanka ne ke yinsa.

Gidan namu bene ne daga gaba, dekin mai kauri da rodi, sai tsakar gida, sai sashen Hajiya can baya. Rauta mai sim ta 4G, wato na'urar da ke kawo mana intanet, a sama take jikin taga don nan ne kawai sabis ke cika. Kana saukowa falon ƙasa sanda biyu ta rage, sashen Hajiya kuwa ko sunan WiFi ɗin ba ya fitowa a waya, in za ta yi bidiyo kol da jikokinta sai an fito mata da kujera tsakar gida, ga ranar Gombe kun san ta.

Shi P9 ɗin mesh ne, mesh kuwa ai na'urori ne biyu ko uku da kake rarrabawa a gida, duk suna ɗaya fasawod ɗaya, kana yawo wayarka na kama wanda ya fi kusa ba tare da ka taɓa komai ba. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda su na'urorin ke miƙa wa juna intanet ɗin. Yawancinsu ta iska suke yi, to bangon da ya hana wayarka samun sigina shi ne dai zai hana na'ura ta biyu jin ta farko, musamman siginar WiFi na 5GHz da ba ya son bulo da siminti ko kaɗan, shi kuma 2.4GHz yana ɗan ratsawa amma a hankali yake tafiya. Ga shi kuma in rediyo ɗaya ne ke karɓa yana sake turawa, gudun kusan rabewa biyu yake a kowane tsalle. Shi ya sa za ka ga mutum ya sayi mesh mai tsada, waya na nuna sanda cike taf amma YouTube sai juyawa yake.

P9 ɗin sai ya ƙara hanya ta biyu. Wayar da ka jona shi a soket don ya samu wuta, ita ce dai yake tura data ta cikinta. Wutarmu 50Hz take tafiya, shi kuma yana ɗora nasa siginar can sama tsakanin kusan 2 zuwa 86MHz a kan wayar tagullar da ke binne a bango, tsarin da ake kira HomePlug AV2. Kenan ba ruwansa da kaurin dekin, in dai wayar wuta ta bi ta wajen shi ma zai bi. Kuma bai bar ta iskar ba, duka biyun yake haɗawa.

Mai guda uku na saya, aka sako min a mota. Fari ne dogo kamar flas ɗin shayi, kowanne da ramin kebul biyu na gigabit a baya. Haɗawa ba wuya wallahi, ka sauke manhajar Deco, ka buɗe akawun, ka jona na farko da rautarka da kebul, in fitilarsa ta fara ƙifta shuɗi sai ka bi abin da manhajar ke cewa. Wanda ya iya buɗe WhatsApp zai iya.

Na sama da na falon ƙasa nan take suka ga juna, lafiya lau. Na sashen Hajiya ne ya ƙi, ya kama ya saki, fitila ta koma ja. Sai na kira mai mana gyaran wuta, ya buɗe akwatin fis ya tsaya yana kallo yana murmushi, ya ce Alhaji ai gidan nan layi biyu ne a ciki. Lokacin da aka sa sola an ware fitilu da fanka da wasu soket an mayar da su kan inbata, sauran soket masu ɗaukar firij da dutsen guga da hita aka bar su kan wutar NEPA kai tsaye. Na bene da na falo duk kan inbata suke, soket ɗin da na jona na Hajiya kuwa na ɗaya layin ne. Siginar ba ta iya ratsa cikin inbata ta fita ɗaya ɓangaren da ƙarfinta, tiransifoma da matatun da ke ciki sun shanye ta. Ya jawo soket guda daga layin fitilar ɗakinta, aikin da bai kai awa ba, muna jonawa ya zauna daram.

Wannan shi ne abin da nake so duk mai niyyar saya ya riƙe, tun kafin ka tura kuɗi ka kira mai wayarin ɗinka ka tambaye shi soket ɗin da kake son sa su layinsu ɗaya ne ko a'a. Gidajenmu da yawa fes uku ake shigo da shi, a raba sama daban ƙasa daban, wani lokacin ma in fes ɗaya ya yi lo a je a cire fis a mayar kan wani. In na'urorin suka faɗa fes daban-daban siginar na iya ɗan tsallakawa a wajen akwatin amma da rauni sosai, wani gidan ma sam. In kuwa sashen da kake son kai wa intanet mitarsa daban ce, kamar gidan haya ko shagon ƙofar gida mai nasa kati, kar ma ka sa rai.

Sai maganar eksitenshin. Kai tsaye a bango ake jona shi. Eksitenshin ɗin nan masu kariya daga wuta mai ƙarfi, da sitabilaiza, da UPS, duk aikinsu tace wuta ne, to siginar nan a wajensu datti ce sai su tace ta. Na san abin da za ku ce, wa zai jona kaya mai tsada a bango tsirara da irin wutar da ake kawowa wani lokaci? Gaskiya ne, ni ma abin ya tsaya min a rai, kuma amsar da na samu ita ce dai layin inbata, tunda shi ke tsaye tsakaninsu da wutar waje, ga kuma riba ta biyu, in an ɗauke wuta WiFi ba ya mutuwa. Wanda ba shi da inbata, duk ɗaukewa sai dukkansu sun mutu sun sake tashi sun nemi juna, 'yan mintoci kenan ba intanet ko da an ta da janareta nan take.

Batun gudu kuma kar lambobin kwali su ruɗe ku. An rubuta AV1000, wato gudun 1000Mbps ta wayar wuta, da AC1200 na iska, wato 867Mbps a 5GHz da 300 a 2.4GHz, wannan lissafin ɗakin gwaji ne. Ta wayar wuta abin da ke isa hannunka ko kusa da dubun nan bai zuwa, kuma haka duk masu bin wayar wuta suke ko na wane kamfani ne. Amma ni me ya dame ni, 4G ɗin da ke shigo min gidan ma bai kai abin da wayar wutar ke iya ɗauka ba, don haka abin da nake samu a bene kusan shi Hajiya ke samu a ɗakinta. Mai Starlink ko faiba shi ne zai ji an rage masa.

Abin da na lura kuma, gudun na canzawa da abin da aka kunna a gida. In aka ta da injin bohol yana raguwa, ka gani ƙiri-ƙiri in kana kallon ƙwallo hoton ya ɗan dushe. Akwai wata cajar waya ta ɗari biyar ɗin nan marar suna da yaran gida ke sawa a soket ɗin da ke gefen na falo, ita kaɗai ta isa ta dagula shi, ana cire ta ya dawo daidai. A kan ƙaramin janareta ma bai cika natsuwa ba kamar kan inbata. Masu buga gem ta intanet su san da wannan, don su ɗan jinkirin nan ne ke ɓata musu rai, mai WhatsApp da TikTok ba zai ma lura ba.

In da za ka iya jan kebul ɗin intanet na Cat6 daga wannan na'ura zuwa waccan, to ka ja kawai, yana kai mita 100 ba ya rage komai, ba ruwansa da firij ko fes, kuma su Deco ɗin suna karɓar haɗin kebul, ka ga sai ka sayi mesh na gama-gari mai araha. Mai gini yanzu don Allah ya binne fayif ɗin kebul tun kafin filasta. Mu dai an riga an yi tayil da fenti, Hajiya kuma ta ce ba mai fasa mata bango ko ya ratsa mata tsakar gida da waya a sama tana shanya.

P9 WiFi 5 ne, ya ɗan kwana biyu a kasuwa. Akwai Deco PX50 da ya biyo baya, WiFi 6 ne kuma da wani tsari daban mai suna G.hn yake bin wayar wuta, sai dai G.hn da HomePlug ba sa jin yaren juna ta wayar wuta, kar ka sayi ɗaya nan ɗaya can kana tunanin za su haɗu ta soket. In za ka yi oda ka ce a ba ka mai filogi kai uku irin na Ingila da ya dace da soket ɗinmu, kuma ka yi ciniki da mai shagon cewa in bai kama a gidanka ba za ka dawo da shi, don sai an jona ake sanin gaskiyar wayarin.